Tsohon teburin kakata: shekararsa nawa, kuma in bari a kankare shi?

"Assalamu alaikum Malam. Akwai wani ɗan ƙaramin tebur na katako da na gada wajen kakata, irin wanda ake ajiyewa gefen kujera ko jikin bango. Tsayinsa zai kai santimita 70, durowa ɗaya gare shi da ƙafafu huɗu sirara da suke ƙara tsukewa zuwa ƙasa, kalarsa ja ce mai duhu sosai. A samansa akwai farin zagaye inda aka taɓa ɗora kofi da kuma wani baƙin tabo, ƙafa ɗaya tana girgiɗi, sannan na ga 'yan ƙananan huji a bayansa. Babu sunan kamfani, sai wata lamba da aka rubuta da alli a ƙarƙashi. Kafin rasuwarta ta ce min ita ma a tsoho ta same shi, wai daga Turai aka kawo shi. Wani kafinta ya ce in kawo ya kankare shi da inji ya fesa masa sabon banish ya koma sabo fil. Ta yaya zan gane irinsa da shekarunsa, kuma in ba shi ya kankare ɗin?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan kaka ya yi mata rahama. In na fahimce ki abu uku kike son sani, wane irin tebur ne, yaushe aka yi shi, sannan wane gyara ya dace da shi. Bari in fara da na ƙarshen don shi ne mai gaggawa. Kar ki bayar a kankare. Ba wai kafintan na da mugun nufi bane, aikin da ya saba kenan kuma a kan sabon kaya ko ƙofa daidai ne, amma injin sandfefa in ya hau tsohon tebur cikin 'yan mintuna zai cinye abin da shekaru suka tara, wannan kalar mai zurfi da katako ke yi in haske da iska da hannun mutane suka daɗe suna taɓa shi, kuma babu gwangwanin da za a saya ya dawo da ita. Ƙari a kan haka da yawa daga irin waɗannan tebura saman nasu falle ne siriri na katako mai tsada aka manna a kan katako mai araha, inji na wucewa sau biyu uku sai kiga ya huda shi farin katakon ƙasa ya leƙo. Ƙafa mai girgiɗi tana gyaruwa, tabon kofi yana fita ko ya ragu, ƙwaro ana kashe shi, kuma duk waɗannan ko an yi ba daidai ba ana iya sake yi. Kankarewa ce in an yi shikenan.

A kifa shi tukuna

Fuskar tebur kowa ya taɓa ta, an goge, an shafa mai, wataƙila an canza mariƙin durowa sau biyu. Ƙarƙashi da baya da cikin durowa ne ba wanda ya damu da su, shi ya sa shaidar take can. Shimfiɗa bargo a ƙasa, cire durowar, ku kama shi ku biyu ku kifa shi ƙafafu sama. Kashe fitilar ɗaki ki kunna ta waya, ki kwantar da hasken a kaikaice kusan jikin katakon, duk wani ɗan tudu da kwari zai fito da inuwarsa.

Fara da tafin hannu. Ki shafa ƙarƙashin saman teburin da gindin durowa a gicciye, in kin ji yana ɗan hawa da sauka a hankali, tsiri-tsiri masu faɗin yatsu biyu ko uku, to da hannu aka share katakon. In sumul yake daga farko har ƙarshe inji ne. Sai sawun zarto, wanda aka fi samu a allon baya don ba a cika wahalar share shi ba. Layuka miƙaƙƙu amma tazararsu ba ɗaya ba, wani ya ɗan karkata, zarton hannu ne. Miƙaƙƙu masu tazara iri ɗaya cif, inji ne mai hawa da sauka ko mai bel. In kuma layukan a lanƙwashe suke, baka-baka, to zarto mai faifai ne ya yanka, shi kuwa bai yaɗu a aikin kayan ɗaki ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19, don haka duk allon asali da ke ɗauke da wannan sawun ba na 1790 bane ko me fasalin teburin ya nuna.

Ki kula da kalar ma. Katakon da ba a shafa wa komai ba yana yin duhu da kansa, busasshen ruwan ƙasa mai ɗan toka, kuma inda durowa ta kare shi daga iska yakan fi haske, za ki ga iyakar a fili. Wannan bambancin yana da wuyar ƙirƙira. Ni duk sanda na kifa tebur na ga an bi ƙarƙashinsa da kala har sawun burushi na nunawa, sai in ƙara buɗe ido, don kafintocin zamanin da ba sa ɓata kala a inda ba a gani, wanda ya shafa yana so ya rufe sabon katako ne ko sabon yanka.

Durowar kuwa ita ce tafi komai magana. Dubi kusurwar da gefe ya haɗu da gaba, za ki ga haƙora sun shiga juna, masu faɗi a baki tsukakku a gindi. Na hannu ba su da yawa, uku ko huɗu, girmansu ba ɗaya ba, 'yan tsakanin sukan yi siriri ƙwarai, kuma sau da yawa akwai ɗan layin da kafinta ya zana da wuƙa don ya san inda zai tsaya, wani lokaci har zarton ya ɗan zarce layin. Na inji jere suke reras, da haƙorin da tsakanin duk girma ɗaya, kuma daga wajen 1890 zuwa 1900 suka mamaye masana'antu. Akwai wani haɗi na musamman da in kin gan shi aiki ya yi sauƙi, bakinsa rabin zagaye rabin zagaye ne kowanne da ɗan turke a tsakiya. Wani Ba'amurke Charles Knapp ne ya yi rajistar injinsa a 1867, an yi yayinsa daga wajen 1870 zuwa 1900 a Amurka da Kanada sai ya ɓace, kinga ya ba ki ƙasa da zamani lokaci guda. Sai dai a kula, haƙorin hannu shi kaɗai ba ya tabbatar da tsufa, ƙananan shaguna musamman a Ingila sun ci gaba da yanka shi da hannu har cikin ƙarni na 20, yau ma akwai masu yi.

Juya durowar ki ga gindinta. Allon katako ne ɗanye da aka fiƙe gefunansa don ya shiga tsagi, ko filawud ne mai falle-falle a baki? Filawud a gindin durowa in na asali ne yana nuna 1920 zuwa sama galibi, katakon dusa da aka matse kuwa sai bayan yaƙin duniya na biyu. A kayan Ingila akwai wani ɗan sirri, kafin wajen 1770 jijiyar allon gindin, wato layukan da ke jikin katakon, takan tafi daga gaba zuwa baya, bayan nan aka koma gefe zuwa gefe. Sannan ki duba ƙasan gefunan durowar inda take gogar teburin, wadda aka yi shekaru ana ja ana turawa takan cinye har ta yi ɗan kwari, shi ma katakon da take gudu a kai ya yi rami daidai da ita. In ɗaya ya cinye ɗaya sabo, an canza wani abu.

Ƙusa da sukuru

Ƙusar maƙera, mai jiki kusurwa huɗu da kai da aka bubbuga da guduma, ita ake amfani da ita har wajen 1800. Daga nan ƙusar da inji ke yankowa daga fallen ƙarfe ta karɓa, kanta ɗan dogon murabba'i ne, ta yi zamani har kusan 1890, sai zagayayyar ƙusar waya irin ta yau. Sukuru kuma, tsohon na hannu bakinsa a datse yake ba tsini, zaren jikinsa ba daidai ba, tsagar kansa takan kauce daga tsakiya. Mai tsini irin wanda muka sani a 1846 aka yi rajistarsa a Amurka, ya yaɗu bayan nan. Mai kan kuros na Phillips kuwa sai shekarun 1930. In za ki duba, sukuru ɗaya tak za ki kwance, da sukundireban da ya cika tsagar daidai, in ya ƙi ki bar shi kar kan ya lalace, kuma ki mayar da shi ramin da ya fito.

Ga ƙa'idar da ake haɗa duk wannan da ita. Abu mafi sabunta a cikin kayan asalin teburin shi ke faɗin shekarar da ba zai wuce ta a tsufa ba. Tsohon abu bai isa hujja ba don kafinta zai iya amfani da tsohuwar ƙusa ko tsohon allo da ya ajiye, amma ba zai iya amfani da abin da ba a ƙirƙira ba tukuna. Wahalar kawai ita ce rabe na asali da na gyara. Sukurun kuros guda ɗaya a kusurwa, kusa da wani tsohon rami da ba komai a ciki, gyara ne aka yi daga baya. In kuwa duk teburin da su aka ɗaure kuma ba wani tsohon rami ko ɗaya, to teburin bai girmi 1930 ba. Haka in kika ga ramukan sukuru a ƙarƙashin saman da ba su dace da komai a jikin ƙafafun ba, ko inuwar wani firam daban, to saman wani tebur ne aka aura wa ƙafafun wani, kuma ana samun haka sosai.

Katakon da fasalin ƙafa

Ja mai duhu da kika ce yana sa a yi tunanin mahogani. Tarihinsa a kayan Turai sananne ne, kafin 1660 itacen ok ne ya fi yawa a Ingila, sai walnot ya karɓa, sai mugun sanyin 1709 ya kashe itatuwan walnot da yawa a Turai har Faransa ta hana fitar da shi a 1720, a 1721 kuma Ingila ta cire haraji a kan katakon da ake kawowa daga ƙasashen da take mulka a yankin Amurka, daga nan mahogani na Jamaika ya fara shigowa da yawa. Amma fa ba duk ja bane mahogani. Masana'antu sun yi ta rina farin katako mai araha irin su bich da bach ya koma ja. Ki duba ƙasan ƙafa inda ya goge, ko cikin gaban durowa, in ƙarƙashin jan fari ne fat to rini ne, in ja-ja ne ko ruwan ƙasa har ciki to katakon ne da kansa. Kuma kar ki damu in kin ga baya da cikin durowa katakonsu daban ne da na fuska, haka ake yi tun asali, mai tsada a waje mai araha a ciki, hasali ma na cikin yana taimakawa wajen gane ƙasa, Ingila sun fi sa ok ko fayin, Amurka fofla ko farin fayin. Hujin da kika gani a baya ma ya dace da haka, don ƙwaron katako bai cika son mahogani na gaske ba, ya fi bin mai laushin da ke ciki.

In saman falle ne aka manna, nemi inda ya ɗan ɓalle a baki ki ga kaurinsa. Wanda aka yanka da zarto a da yakan kai milimita 1.5 zuwa 3, na zamani da ake feƙewa da wuƙar inji bai cika wuce milimita 0.6 ba.

Fasali shi ne abin da mutane suka fi kamawa kuma shi ya fi yaudara, don kamar yayin ɗinki yake, ya tafi ya dawo. Ƙafa siririya mai tsukewa zuwa ƙasa ta yi tashe aƙalla sau uku. Na farko daga wajen 1770 zuwa 1810, salon da ake jingina wa Hepplewhite da Sheraton, masu zana kayan ɗaki na Ingila, ƙafar mai kusurwa huɗu ce miƙaƙƙiya, wani lokaci da ɗan siririn layin farin katako da aka dasa a jiki. Na biyu daga wajen 1890 zuwa 1910 da 'yan shekarun bayansa, lokacin da masana'antu suka dawo da wannan salon sak suka yi ta buga shi da yawan gaske. Na uku shekarun 1950 da 1960, amma su ƙafafunsu zagayayyu ne, sukan ɗan buɗe waje, sau da yawa murɗa su ake yi a jikin faranti na ƙarfe. To in kaka ta same shi shekara 60 ko 70 da suka wuce kuma a lokacin ma tsoho ne, na ukun ya fita. Saura biyu, kuma tsakaninsu na biyun ya ninka na farkon yawa nesa ba kusa ba. Don haka in aka ce in faɗi zatona daga bayaninki kawai, zan ce tsakanin 1890 da 1930, har sai ƙarƙashinsa ya nuna akasin haka. Kuma wannan ba ƙaramin abu bane, a ƙa'idar da 'yan kasuwar kayan tarihi da kwastan na ƙasashe da yawa ke bi, abin da ya kai shekara 100 ya shiga sahun kayan tarihi.

Lambar alli galibi ta masu gwanjo ce ko masu jigila ko lambar kaya a shago, ba shekara bace, amma kar ki goge ta, ɗauki hotonta. Ki nemi hatimi a saman bakin gaban durowa, nan kamfanin Gillows na garin Lankasta a Ingila ya saba buga sunansa. Ƙwararrun kafintocin Faris an wajabta musu buga sunansu daga tsakiyar ƙarni na 18 har zuwa 1791. Tambarin CC41 na kayan da aka yi a Ingila ne lokacin ƙarancin katako, 1942 zuwa 1952. A bayan mariƙin durowa na tagulla ma akan samu alamar rajistar zane ta Ingila, mai siffar daimon daga 1842 zuwa 1883, lamba mai Rd a gabanta daga 1884. Sai dai ki leƙa cikin durowar, in akwai wasu ramuka da aka toshe to mariƙin ba na asali bane, shekararsa tasa ce shi kaɗai.

Ƙwaron kafin komai

Hujin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba na ƙwaron katako ne, kuma hujin ƙofar fitarsa ce, tsutsar takan yi shekara uku ko huɗu tana ci a ciki kafin ta zama ƙwaro ta fito. Abin tambaya shi ne ko akwai sauran masu rai. Tsohon huji cikinsa baƙi ne bakinsa ya dakushe, sabo cikinsa fari ne bakinsa da kaifi. Ɗora teburin a kan baƙar takarda ko leda, ki ɗan ƙwanƙwasa ki share garin da ya zubo, ki bar shi 'yan makonni ba a taɓawa. In sabon gari mai haske ya taru a ƙasan huji to suna nan. Maganin ruwa mai sinadarin fametirin ake ɗura wa kowane huji da sirinji, a shafa a katakon da ba banish, a waje mai iska, da safar hannu. Gidajen tarihi sukan naɗe kaya a leda su sa a firiza mai sanyin maki 20 ƙasa da sifiri na sati ɗaya zuwa biyu, a fito da shi a bar shi cikin ledar kwana guda ya huce, amma ni ban cika ba da shawararsa ga mai fallen manne ba. Don Allah kar a zuba masa kananzir ko baƙin mai, tabo da wari za su zauna har abada kuma gam ba zai ƙara kama wurin ba. Bayan magani a ci gaba da sa ido shekara guda cur. In kuma kin ga hanyar ƙasa a jiki ko katakon ya zama fanko yatsa na lotsa shi, wannan gara ce, a raba shi da sauran kayan ɗaki nan take.

Gano shafen da ke kai, sannan wanki

Nemi wuri ɓoyayye, misali cikin ƙafar baya daga sama. Tsoma tsinken auduga a sifirit, irin wanda ake goge ciwo da shi, ki ɗan murza na daƙiƙa 20 zuwa 30. In ya yi danƙo audugar ta ɗauko ruwan zuma-zuma, shalak ne, wani ƙaro da wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, shi aka fi shafa wa kayan ɗaki masu kyau daga wajen 1820 har shekarun 1920. In sifirit bai yi komai ba gwada tina, ruwan tsinka fentin feshi, a wani wurin, in ta narkar to shafen selulos ne na feshi, wanda ya shigo a shekarun 1920. In duk biyun sun kasa, banish ne na mai ko foliyuritan na zamani da wani ya ɗora daga baya. Kinga gwajin ya ƙara miki wata shaidar shekaru. In shalak ne ki yi murna, shi ya fi kowanne sauƙin gyara, don sabo yana narkewa ya haɗe da tsoho, ko ya tsattsage ana iya farfaɗo da shi ba tare da an cire ba.

Mafi yawan baƙin da mutane ke ɗauka lalacewa ce datti ne da tsohon kaki. Kaɗe ƙura da burushi mai laushi, sai tsumman auduga da aka jiƙa da ruwan ɗumi mai ɗigon sabulu mara ƙarfi aka matse shi sosai, ki goge wuri kamar faɗin tafin hannu ki bi da busasshe nan take, ban da inda katako yake tsirara ko fallen ya ɗaga. Abin da ya rage na maiƙo wayit sifirit ke ɗauke shi, wato ruwan tsinka fentin mai, shi ba ya narkar da shalak, amma duk da haka a gwada a ɓoye. Ki riƙa kallon tsumman, baƙi da toka datti ne, in ya fara ɗauko jan teburin ki tsaya. Bayan ya bushe sai kaki mai ƙarfi na kayan katako, wanda aka haɗa da kakin zuma, a shafa ɗan kaɗan, a jira minti 20 zuwa 30, a murje da tsumma mai laushi. Sau ɗaya a shekara ya isa. Feshin gwangwani mai silikon da man girki da man linsid duk a nisanta su da shi, na farkon yana shiga tsagogi ya hana kowane gyara kamawa nan gaba, sauran kuma suna yin danƙo su baƙanta.

Farin zagayen laima ce ta maƙale a cikin shafen, bata kai katako ba. Fara da na'urar busar da gashi a mafi ƙarancin zafi, daga nesa, hannu na yawo, sau da yawa za ki ga yana dushewa a gabanki. In ya ƙi, a ɗan murza da kaki da audugar ƙarfe mai lamba 0000, a bi jijiyar katako a hankali. Masu sana'a sukan wuce da tsumma mai ɗan danshin sifirit sau ɗaya da sauri, yana aiki sosai amma in hannu ya tsaya sai ya kwashe shalak ɗin, ban so ki fara koyo a saman teburin kaka. Baƙin tabon daban ne, ruwa ne ya ratsa har cikin katako, galibi da ƙarfe a wurin, ko kuma tawada. Asid ɗin okzalik na cire irin na ƙarfen, amma sai an buɗe shafen wurin, kuma yakan bar farin fili da sai an sake daidaita kalarsa, wanda ya fi cire tabon wuya. Ni dai in tebur na ne kuma tabon bai kai girman tafin hannu ba, barin sa zan yi.

Ƙafar da ke girgiɗi

Da gam ɗin fata aka haɗa tsofaffin kaya, wanda ake dafawa daga fata da ƙashin dabba a shafa da zafinsa, kusan maki 60. In ya tsufa yakan bushe ya saki, amma kyawunsa shi ne ɗumi da laima na narkar da shi, sabo kuma yana kama tsoho, shi ya sa tebur ɗaya za a iya buɗe shi a mayar sau da yawa ba a fasa komai ba. An taɓa kawo min wani mai irin wannan matsalar, an buga masa doguwar ƙusa ta cikin ƙafar, an ɗura gam mai ƙarfi irin na ruwa biyu a kai. Girgiɗin bai daina ba, ƙusar ta tsaga harshen katakon da ke cikin ramin gida biyu, da na zo buɗewa gam ɗin ya ƙi saki sai da ya taho da tsokar ƙafar, aikin yini ɗaya ya koma sassaƙa sabon harshe da dasa shi.

Yadda ya kamata shi ne a sa alama a kowane gefe daga ciki don a san mazauninsa, a ɗiga ruwan ɗumi a haɗin a jira, a riƙa motsa shi a hankali har harshen ya fito daga raminsa, in da buƙata a ɗan buga da gudumar roba ta kan wani katako. A wanke tsohon gam da ruwan ɗumi da tsohon burushin haƙori, kar a kankare harshen da cizal ko sandfefa don zai ƙara sirancewa. In ya yi sako-sako a manna masa fallen katako siriri ya cika ramin, gam ba ya cike gurbi. A bari ya bushe, a gwada haɗawa ba gam, sannan a shafa gam ɗin fata, akwai na kwalba da ba sai an dafa ba amma a duba ranar lalacewarsa. A matse da kilam, wato ƙarfen matse katako, da ƙyalle a tsakani, in babu a zagaya igiya a murɗa da sanda. A tsayar da shi a daɓe mai daidai, a auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu su zo ɗaya, a goge abin da ya tsatso da danshin tsumma, a bar shi awa 24. In ƙafa ɗaya ta gajarce ƙari ake manna mata a ƙasa, ba a yanke sauran ukun. Wannan aikin kafintan naki zai iya in ya yarda ya bi haka.

Yaushe ake cire shafen gaba ɗaya? In wani ya riga ya lafta masa fentin mai ko foliyuritan a kai, ko ruwa ko wuta sun cinye na asalin har ba abin da za a ceta. Ko a nan ma da sinadarin cire fenti ake yi da hannu, ba inji ba kuma ba tsomawa a ruwan soda ba, sannan a mayar da shalak. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, Amurka ma sai 1978 ta hana shi a gidaje, ƙurarsa guba ce musamman ga yara, kar a goge shi a bushe. Tsumman da ya sha man linsid kuma yana iya kama wuta da kansa in aka dunƙule shi, a shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa. Bayan gyara a ajiye teburin nesa da rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, laimar da ta fi masa daɗi kashi 40 zuwa 60 cikin 100 ce, kuma in za a ɗaga a kama firam ɗin ƙasa, ba saman ba.

Gaskiya duk abin da na faɗa a kan bayaninki na gina shi, ban taɓa teburin ba, kuma ko a hannu ne abin da ake iya bayarwa tazara ce ta shekara 20 ko 30 in babu hatimi ko takarda. Kuɗinsa ma ba zan yanke daga nesa ba, ya danganta da wanda ya yi shi da yawan abin da ya rage na asali da kuma inda za a sayar. In binciken ya nuna haƙoran hannu da sukuru mara tsini da falle mai kauri duk a tare, to ki tsaya a kaɗe ƙura da maganin ƙwaro kawai, ki nemi ƙwararren mai adana kayan tarihi ya gani da idonsa kafin a sa masa ko ɗigon gam. Ki turo min hoton kusurwar durowa daga gefe, gindinta daga ƙasa, allon baya da haske a kaikaice, kan sukuru ɗaya daga kusa, da ƙafa ɗaya tun daga sama har ƙasa don in ga mai kusurwa huɗu ce ko zagayayya, ki ajiye rula a gefen kowanne don in gane girman.